Filin Tambaya da Amsa: Shatar Jirgi, Sayen Kaso Ko Kujerar Gaba?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan tafiya a ƙaramin jirgin sama na alfarma suke. Yawancinsu daga 'yan kasuwa da 'yan kwangila na cikin garin Kaduna suka fito, mutanen da zirga-zirgar Legas da Fatakwal da Saudiyya ta fara yi wa yawa. Ga waɗanda muka zaɓa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina harkar takin zamani da hatsi. Nakan je Legas kamar sau biyu a wata, jefi-jefi kuma Fatakwal. Wani aminina da ke zaune a Amurka ya ce in daina zubar da kuɗi a shata, in sayi kaso a cikin jirgi yadda suke yi a can. Mene ne wannan sayen kaso, kuma zai fisshe ni? Daga wani Alhaji, Unguwar Rimi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, ɗauki biro ka lissafa awoyin da kake yi a sama. Kaduna zuwa Legas kimanin kilomita 630 ne, awa ɗaya da minti goma a ƙaramin jet. Zuwa da dawowa sau 24 a shekara ya kai ka awa 56, in aka ɗora Fatakwal ka haura 60. A lissafin da 'yan harkar suka saba da shi, mai ƙasa da awa 25 a shekara shata ta fi masa, mai 25 zuwa 50 ya sayi awoyi a dunƙule, daga 50 zuwa wajen 200 ne sayen kaso yake fara ma'ana, wanda ya wuce nan kuma ya fara tunanin jirgin kansa. A takarda ke nan amininka bai yi ƙarya ba. Matsalar ita ce shi a Amurka yake kwana, kai a Kaduna.

Ga yadda tsarin yake. Wani Ba'amurke, Richard Santulli, ya fito da shi a 1986 a kamfanin da yanzu ake kira NetJets, wanda Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya saye a 1998. Flexjet ya biyo baya a 1995. Ana ƙaddara cewa jirgi ɗaya zai yi awa 800 a shekara, sai a yanka shi kaso-kaso. Mafi ƙanƙanta shi ne ɗaya bisa sha shida, wato awa 50. Ɗaya bisa takwas awa 100, rubu'i awa 200. Yarjejeniyar galibi ta shekara biyar ce, kuma ta hanya uku kuɗi ke fita daga aljihunka. Akwai kuɗin sayen kason kansa, wanda kake biya tun farko. Akwai kuɗin kula na wata-wata, na albashin matuƙa da horonsu da inshora da rumfar ajiya, wanda za ka biya ko ka tashi ko ba ka tashi ba. Sannan akwai kuɗin kowace awa da ka yi a cikin jirgin, da ƙarin da ake yi idan mai ya yi tsada. In shekara biyar ta cika, kamfanin ya sayi kasonka a kan farashin da jirgin ya kai a kasuwa a ranar, ya cire la'adarsa. A nan mutane da yawa suke shan mamaki, domin jirgi darajarsa sauka take yi, kuma wannan faɗuwar ita ce mafi girman kuɗin da ba a rubuta a takardar talla.

Abin da ya sa tsarin ke aiki a can shi ne yawan jirage. Kamfanin yana da ɗaruruwansu a warwatse, kuma da wuya ka hau ainihin jirgin da sunanka ke kan takardarsa. Ka kira, a cikin 'yan awoyi a turo maka wanda ya fi kusa, irin naka ko wanda ya fi shi, ba kuma za a caje ka kuɗin zuwansa babu fasinja ba. Amma wannan rangwamen a cikin yankin aikinsu kaɗai yake, Amurka ko Turai. Ka fita daga yankin, kuɗin kawo jirgi da mayar da shi ya dawo kanka. Ban da haka, jirgin da ke da rajistar wata ƙasa ba ya ɗaukar fasinja daga Kaduna zuwa Legas haka kawai, sai da izini na musamman daga hukumomin Nijeriya.

Sai batun dala. Duk kuɗaɗen nan da dala ake biyansu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar kafin lokacin, kuɗin watansa ya ninka uku a naira, ba shi kuma da hanyar fita sai da asara. Kai da cinikinka da naira yake, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi taka-tsantsan.

Shawararmu, Alhaji, ka nemi kamfanin shata na cikin gida mai cikakken lasisi, ka yi cinikin awa 25 a dunƙule, in ka ji daɗinsu ka sabunta. A rubuta awa nawa za ka sanar kafin tafiya, wane jirgi za a kawo in naka ya lalace kuma wa zai biya bambancin, yaushe awoyin da ba ka ci ba za su ƙone, da yadda za a mayar maka da kuɗinka in kamfanin ya tsaya. Kada ka zube kuɗin duka a lokaci guda. Biya kashi-kashi, domin in kamfani ya durƙushe da kuɗinka a hannunsa, layin masu bin bashi za ka shiga.

TAMBAYA: Na nemi farashin shata daga Kaduna zuwa Legas da dawowa, kwana biyu a tsakani. An ce mini awa ɗaya dala 7,000, amma takardar da aka turo ta haura dala 30,000. Tafiyar awa biyu da kaɗan ce fa. Cuta ce ko kuwa? Daga wani ɗan kwangila, Barnawa.

AMSA: Malam, mai yiwuwa ba cuta ba ce. Tambayar da ba ka yi musu ba ita ce: ina jirgin yake kwana? Yawancin jiragen shata a Legas da Abuja suke zaune. Lissafin daidai yake da na shatar mota a tashar Kawo: in ka kira direba daga wani gari, man zuwansa da na komawarsa duk a kanka suke.

Mu yi lissafin da farashin da aka ba ka. In jirgin na Legas ne, zai taso babu kowa ya zo Kaduna, ya kai ka Legas, bayan kwana biyu ya dawo da kai, ya sake komawa gida babu kowa. Sawu huɗu ke nan, kowane awa ɗaya da minti goma, jimla awa huɗu da minti arba'in, wajen dala 32,700. In na Abuja ne, minti talatin zuwa Kaduna, talatin komawa, da sawunka biyu, awa uku da minti ashirin, wajen dala 23,300, sai dai za a ɗora maka kuɗin kwanan jirgi a Legas da otal ɗin matuƙa. Kamfanoni da yawa kuma ba sa cajin ƙasa da awa ɗaya a kowane sawu, ko da tafiyar ta minti talatin ce. Suna da hujja: injin jirgi da ƙafafunsa ana ƙirga rayuwarsu ne da yawan tashi da sauka, ba awoyi kaɗai ba, kuma lokacin hawa sama ne jirgi ya fi shan mai.

Ka sa takardar a gabanka ka bi ta layi-layi. Duba ko awar da suke nufi daga ɗagawar taya zuwa sauka ce, ko daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye har ya sake tsayawa. Bambancin ba ƙarami ba ne a Legas, inda jirgi kan yi minti goma sha biyar ko fiye yana jiran layi injinsa na aiki. Duba ko an haɗa kuɗin sauka da na ajiya na hukumar filayen jirgin sama FAAN, da na jagorar sararin sama na hukumar NAMA, da na masu hidimar ƙasa, da kashi biyar cikin ɗari da doka ta ɗora wa kuɗin shata domin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. In za ka sauka da dare a filin da ke rufewa da faɗuwar rana, akwai kuɗin tsawaita lokaci, kuma sai an nema tun da wuri. Ka ce a rubuta maka jimla guda wadda ta haɗa komai, a kuma fayyace abin da ka iya ƙaruwa daga baya.

Akwai hanyoyin rage kuɗin. Ka nemi farashi daga wuri uku, ka tambayi kowa inda jirginsa zai taso. In tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, jirgi mai farfela irin King Air 350 zai kai mutum takwas da jinkirin mintuna kaɗan a kan jet, da kuɗin da bai kai nasa ba, kuma yana sauka a gajeren titin da jet ba zai iya ba. In kuma lokaci bai matsa maka ba, ka shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, kilomita 186, ka hau jirgin shatar a Abuja inda yake kwana, ka huta da biyan sawu biyu na banza.

TAMBAYA: Wani dillali ya ce zai samo mini jirgin wani attajiri a kan rabin farashi. Sharaɗinsa ɗaya: in an tambaye ni a filin jirgi in ce ni baƙon mai jirgin ne. Akwai matsala? Daga wani mai karatu, Malali.

AMSA: Akwai babbar matsala, kuma muna roƙonka kada ka hau. Wannan sharaɗin da ya gindaya maka shi ne shaidar cewa jirgin ba shi da izinin ɗaukar fasinja da kuɗi.

A Nijeriya takardu iri biyu ne. Mai jirgin kansa yana riƙe da izinin tashi ba don kasuwanci ba, wanda ake kira PNCF: ya ɗauki kansa da iyalinsa da baƙinsa, ba ya karɓar ko kwabo. Mai yin shata kuwa sai ya mallaki takardar AOC daga NCAA, wadda ba a bayarwa sai an binciki littattafan aikin kamfanin, da injiniyoyinsa, da horon matuƙansa, da iyakar awoyin da suke aiki kafin su huta. Wannan binciken kuɗi yake ci, shi ya sa mai AOC ya fi tsada. Rabin farashin da aka yi maka tayi, daga nan aka yanke shi. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin masu jirage da dama, kuma Ministan Sufurin Sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamiti na musamman a kan shatar da ba ta bisa doka.

Babban haɗarin a inshora yake. Inshorar jirgin da ba na haya ba ba ta rufe fasinjan da ya biya kuɗi. In wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, kamfanin inshora zai binciko cewa an biya, ya janye hannunsa, iyalinka su tashi a tutar babu. Masu bin ƙwallo za su tuna Emiliano Sala, wanda ya rasu ranar 21 ga Janairun 2019 a ƙaramin jirgi tsakanin Nantes da Cardiff. Bincike ya nuna matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja da kuɗi, kuma a 2021 kotu a Birtaniya ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar wata 18.

Dillanci ba laifi ba ne, akwai dillalai na ƙwarai. Amma kowane ne, ka ce ya ba ka lambar wutsiyar jirgin. Jirgin Nijeriya lambarsa da 5N take farawa. Ka karɓi kwafin AOC, ka duba ranar ƙarewarta, ka kuma nemi shafin da ya jera jiragen da ke ƙarƙashinta, domin wani kamfanin yana da takardar amma jirgin da ya turo maka ba ya ciki. Ka ga takardar inshora, ka tabbata ta ambaci fasinja kuma ba ta ƙare ba. Kuɗinka ya shiga asusun kamfani, ba na mutum ba. Ranar tafiya, kafin ka taka matakala, ɗaga kai ka karanta haruffan da ke jikin wutsiya ko injin. In ba su ne na takardarka ba, tsaya a ƙasa har a yi maka bayani a rubuce.

TAMBAYA: Mu biyar ne abokan kasuwanci. Muna son mu haɗa kuɗi mu sayi jirgi ƙirar Hawker na hannu, kowa da kasonsa. Ba shi ke nan mun yi namu tsarin a gida ba? Daga wani Alhaji, Unguwar Sarki.

AMSA: Ranka ya daɗe, za ku iya, ana kuma yi. Sai dai ku sani abin da za ku samu tarayya ce a jirgi ɗaya, ba irin tsarin manyan kamfanonin can ba. Su in jirgi ya lalace akwai wani. Ku in naku ya kwanta, dukanku kun kwanta, kuna biyan albashi da inshora, kuna kuma biyan shata a waje.

Sayen jirgin ne mai sauƙi a cikin lamarin. Kafin ku biya, a kai shi wurin gyara mai zaman kansa, ba wanda mai sayarwa ya zaɓa ba, a buɗe shi a duba tsatsa da lafiyar injin. A bi littattafan tarihinsa shafi-shafi, domin jirgin da littafinsa ya yi giɓi darajarsa ta zube ko da fentinsa na sheƙi. Ku tambaya ko injinan suna cikin tsarin biyan kuɗin gyara na awa-awa. In ba sa ciki, ranar da babban gyaran inji ya zo za a ajiye muku lissafin da zai iya kusantar kuɗin da kuka sayi tsohon jirgin. Ku kuma tuna an daina ƙera Hawker tun 2013, wasu kayan gyaransa sai an jira. Batun kwastan ma a gama shi tun farko, domin hukumar ta yi aikin tantance takardun jiragen alfarma a 2021 da 2024, kuma waɗanda suka shigo da jirgi da izinin wucin gadi suka bar shi ya zauna sun sha wahala.

Bayan saye, kuɗin da ba ya tsayawa ya fara. Matuƙa biyu ke tuƙa jirgin, amma biyu ba za su ishe ku ba, saboda hutu da rashin lafiya da zuwa horo. Horon nan a na'urar kwaikwayon tuƙi ake yinsa, galibi a ƙasar waje, da dala. Wasu gyare-gyaren kuma da kalanda ake yinsu: wata ya cika, sai an yi, ko jirgin bai motsa daga rumfa ba. Shi ya sa in jimlar awoyinku ba ta kai 200 a shekara ba, kowace awa za ta fi ta shata tsada.

Abin da ya fi raba abokai kuwa ba kuɗi ba ne, ranaku ne. Jajibirin Sallah, goman ƙarshe na azumi, ɗaurin auren da dukanku aka gayyata daga garuruwa daban-daban: kowa yana son jirgin a rana ɗaya. Ku yi wa kamfani na musamman rajista a CAC wanda shi zai mallaki jirgin, ku damƙa kula da shi ga kamfani mai AOC, wanda zai iya yin shata da shi bisa doka in ba ku buƙata. A rubuta yadda za a riƙa karɓa-karɓar manyan ranaku, da hukuncin wanda ya yi jinkirin biyan kason wata, da yadda mai son fita zai fita. A kuma rubuta abin da zai faru in ɗayanku ya rasu. Kasonsa ya zama gado, kuma in ba ku tanadi cewa sauran za su saye shi a kan ƙimar da masani ya yanke ba, za ku wayi gari kuna tarayya da magada goma sha biyar waɗanda kuɗinsu suke so, ba jirgi ba.

TAMBAYA: Muna shirin Umara a watan azumi, mu goma sha ɗaya, har da mahaifiyarmu da ke kan keken guragu. Kwana goma za mu yi. Mu ɗauki shata daga Kaduna ko mu sayi kujerun gaba a jirgin fasinja? Daga wata Hajiya, Unguwar Dosa.

AMSA: Hajiya, Allah Ya karɓi ibada, Ya ƙara wa Mama lafiya. In don sauƙin aljihu ne, kujerun gaba sun fi da nisa. Kaduna zuwa Jidda kimanin kilomita 3,600 ne a miƙe, wajen awa biyar, kuma tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa kewaye sararin ƙasar suke yi, tafiyar ta ƙara tsawo. Mutum goma sha ɗaya da kayansu sun fi ƙarfin Hawker, wanda kujerunsa takwas ne kuma ma'ajiyar kayansa ƙarama ce a cikin ɗakin fasinja. Sai irin Legacy 600 mai kujera 13 da babbar ma'ajiya, ko Challenger 604 in an shirya kujerunsa yadda za su ɗauke ku. Kwana goman nan kuma jirgin ba zai zauna kyauta ba. Ko ya jira ana cajinku kuɗin kowace rana, ko ya dawo gida ya sake komawa ɗaukarku, ku biya sawu huɗu, sama da awa 20. A azumi wurin ajiye jirgi a Jidda da Madina yana wuya, izinin sauka da na ratsa sararin kowace ƙasa ma sai an nema da wuri.

Game da Mama, ƙaramin jirgi matakalarsa siririya ce, sai an ɗauke ta a hannu an hau da ita. Babban jirgi yana da gadar shiga ko motar ɗaga marasa lafiya, kujerar gaba kuma a jirage da yawa tana kwanciya ta zama gado. A nemi hidimar keken tun lokacin yankan tikiti, ba a ranar tafiya ba, a kuma tambayi irin jirgin da zai yi kowane zango, domin ba kowace kujerar gaba ce ke kwanciya ba.

Inda shata ta yi fice shi ne ba sauyin jirgi a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, ba jiran awoyi, kuma ku ke zaɓar lokacin tashi. In likita ya ce doguwar jira za ta wahalar da ita, kuma Allah Ya hore, to kuɗin bai tafi a banza ba. In kun zaɓi hakan, kamfanin ya tabbatar jami'an shige da fice da kwastan za su kasance a filin jirgin Kaduna a lokacin tashinku, in ba haka ba sai kun biya ta Kano ko Abuja. Ku kuma gaya wa matuƙi tun a ƙasa ya sanar da ku kafin a kai miƙati, domin a ƙaramin jirgi ba lallai a yi sanarwar ba in ba ku nema ba.

TAMBAYA: Na ji manyan kamfanonin jirage suna haɗa gwiwa da masu ƙananan jirage. Mu a nan za mu amfana? Daga wani ma'aikacin banki, Kaduna.

AMSA: Haɗin gwiwar iri biyu ce. Ta farko, babban kamfani ya buɗe sashen jiragen alfarma ko ya shiga cikin wani. Qatar Airways ta kafa Qatar Executive a 2009, Emirates ta fito da Emirates Executive a 2013 da Airbus A319 mai ɗaukar mutum 19. Lufthansa ta fara a 2005 tare da NetJets, tana ɗauke fasinjan kujerar alfarma daga Frankfurt ko Munich zuwa ƙananan garuruwan Turai, daga baya ta rufe shirin. Delta ta haɗe sashenta da kamfanin ƙananan jirage Wheels Up a 2020, kuma a 2023 sai da ta jagoranci zuba dala miliyan 500 don ceto Wheels Up daga durƙushewa. Wannan na ƙarshe darasi ne ga mai biyan kuɗin awoyi tun kafin ya ci su. Amfanin waɗannan shirye-shiryen a can ƙarshen tafiyarka yake, ba a nan ba.

Ta biyu ita ce ƙawancen kamfanonin fasinja, kuma ita ta fi shafarka. Ethiopian da EgyptAir da Lufthansa da Turkish suna Star Alliance. British Airways da Qatar da Royal Air Maroc suna oneworld. Air France da KLM da Kenya Airways da Saudia suna SkyTeam. Ka zaɓi ƙawance ɗaya ka riƙe, makinka ya taru wuri guda, ka samu ɗakin hutu da ƙarin kaya da layin gaggawa ko a kamfanin da ba naka ba.

Wanda ke Kaduna, abin da ya fi masa shi ne kujerar gaba a dogon zango, mota ko jirgin ƙasa ko gajeriyar shata a tsakanin Kaduna da Abuja. Sai dai ka sani tikitin babban jirgi da takardar shata ba su san juna ba. In shatarka ta makara, babban jirgi ba zai jira ka ba, ba kuma zai sauya maka tikiti kyauta ba. Bar awa huɗu a tsakani.

TAMBAYA: Gaskiya ne jirgin shata yana sauka ko da hazo? Kuma yaya batun jirgin da ke komawa babu kowa da ake sayarwa da araha? Daga wata mai karatu, Kabala.

AMSA: Ba gaskiya ba ne. Kowane titin jirgi yana da iyakar nisan gani da doka ta yanke, kuma ƙaramin jirgi da babba duk ita suke bi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da kika tsaya a bakin titin Mando ba ki hango ƙarshensa ba, rana ta koma fara kamar wata, to matuƙi na iya zagayawa ya juya Abuja, kuma awar da ya ƙara a kanki take in yarjejeniya ba ta ce akasin haka ba. Kada ki matsa wa matuƙi ya gwada sa'a. A irin wannan lokacin ki sa kamfanin ya duba hasashen yanayi na hukumar NiMet tun daren jiya, ki kuma tanadi mota a Abuja.

Jirgin da ke komawa babu kowa kuwa ana samunsa da rangwame mai yawa, amma tafiyar ta wani ce. In wanda ya yi shatar asali ya ɗage ko ya fasa, taki ta rushe, kuɗinki kawai za a mayar miki. Ya dace da ziyarar da ba ta da ƙayyadadden lokaci. In ganin likita ne ko zaman kotu ko jirgin ƙasar waje za ki tarar, ki riƙe tikitin jirgin fasinja mai sauyuwa a hannu, ko ki biya cikakkiyar shata.